Zuwa ga Maman Nana a Alkahira

Assalamu alaikum, ƙawata.

Ina fata kuna lafiya, ke da Malam da Nana da jaririn da har yau a hoto kawai muka san shi. Ya zafin Alkahira? Ya karatun Malam, an kusa kai gaci kuwa? Allah ya sa a gama lafiya ku dawo mana. Na saurari saƙon muryarki har da gorin da ke ciki, wai ganina sai an cike fom. Ke da kika yi wata da watanni ko "ya kuke" babu, yau ke ce da bakin magana? To shi ke nan, mun yi canjaras. Kin tambaye ni ko ki cire Nana daga makaranta ki koyar da ita a gida yadda nake yi wa su Abba. Zan zo kan wannan. Bari dai in fara sauke abin da ke bakina, don mutanen gidan nan duk sun gaji da jin sa.

Abba ya fara son karatu. Abba fa, wanda da an ɗauko littafi sai fitsari ya kama shi, ya dawo kuma sai ƙishirwa. Kuma ba komai ya jawo ba sai tumatir guda biyu.

Kin san kakannin masu masaukinki suna busar da gawar sarakunansu ta yi dubban shekaru ba ta ruɓe ba. Da na bincika abin da suke amfani da shi, ashe wata irin kanwa ce da suke ɗebowa daga Wadi Natrun, tsakanin Alkahira da Iskandariyya. Su cire kayan ciki su zuba a tuluna huɗu, su bar zuciya a wurinta, su rufe gawar da kanwar kamar kwana 40, sannan su naɗe ta da yadi. Aikin gaba ɗaya kwana 70 yake ci. Na ce in dai kanwa ce ai ba ta gagare mu ba. Na daka ta na haɗa da gishiri, muka tsaga tumatir biyu muka kwashe 'ya'yan da cokali. Ɗaya muka binne cikin haɗin a tsohon kwanon sha, ɗayan muka ajiye shi haka nan a gefe. Tsakiyar damina ce lokacin, ko'ina danshi. Kullum kafin a karya kumallo sai an je dubiya, Abba ya zana abin da ya gani ya rubuta kwanan wata a ƙasa. Na gefen ya yi funfuna ya zagwanye, har Ummi ta rantse ta bar cin miya. Na cikin kanwar kuwa ya motse ya bushe ƙamas, ko wari babu. Suka naɗe shi da tsohon bandeji, suka yi masa akwati da kwalin sabulu, suka zane kwalin da tsuntsaye da idanu.

Ana cikin haka Hajiya ta shigo. Ta leƙa, ta kalle ni, ta ce, "Yau na ga ikon Allah, an hana jikokina boko an sa su karatun kauɗa." Kin san muryarta, ba sai na kwaikwaya miki ba. Abin dariyar shi ne tana da gaskiya. Tun kafin Masarawa su ƙware a wannan aiki, a cikin rairayi mai zafi suke binne mamatansu, rairayin ya tsotse ruwan jiki gawar ta bushe da kanta. Na gaya mata haka, ta ce to ka ji, ita da ba ta shiga aji ba ta riga ni sani. Tun ranar ta zama malamar gidan, ita ke tuna musu lokacin dubiya.

To a nan ne Abba ya ce me ya sa suke barin zuciya. Na miƙa masa takardar da na bugo daga intanet, na ce amsar tana ciki, ni ina da wanke-wanke. Maman Nana, yaron nan ya zauna a bakin ƙofa yana haɗa baƙi da yatsa har ya kai ƙarshen shafi, ya biyo ni madafa yana ihu wai a zatonsu za a auna zuciyar a sikeli bayan mutuwa. Na juya baya na share ido da haɓar zani, na ce albasa ce. Babu ko albasa a hannuna.

Ummi kuma damuwarta ɗaya, wai wanne ne Fir'aunan Annabi Musa a cikinsu. Na ce mata sarakuna ne da yawa, ɗaya bayan ɗaya, kuma Alƙur'ani bai faɗi sunan wancan ba. Sai na lura yaran duk abin da aka ce "da" a wuri ɗaya suke tara shi. A kansu Fir'auna da Shehu Ɗanfodiyo da kakan babansu duk zamani ɗaya suka yi. Shi ne muka yi abin da na fi so a duk shekarar nan. Na ce kowane taki ɗaya shekara 100 ne, mu fara daga bakin murhu mu yi baya. Taki biyu da ɗan ɗoriya, ga jihadin Shehu na 1804, ko tabarma ba mu wuce ba. Taki tara, lokacin da Sarki Gijimasu ya fara gina ganuwar Kano. Taki 14, Hijira. Taki 20, haihuwar Annabi Isa, nan muka kai soro. Kowane wuri mu ajiye dutse da 'yar takarda a ƙarƙashinsa. Dalar Giza ta Sarki Khufu sai a taki 45, mun riga mun fita layi, mai kanti yana kallonmu. Abba ya ɗauka an gama, na ce a'a, saura namu. Muka yi ta tafiya har taki 80, kusa da masallaci, na ce to ga kwalekwalen Dufuna.

Kin san shi kuwa? A Jihar Yobe ne, ƙaramar hukumar Fune. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da katako a ƙasa, ashe kwalekwale ne mai tsawon mita takwas da 'yan kai, an fafe shi daga itace guda. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi, aka auna aka ga ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka. Abba ya waiga ya hango dutsen dala can baya, ya ce, "Umma, ashe mun girme su." Ki gaya wa maƙwabciyarki mai yi miki fankama da dalarsu. Da muka koma gida na ja layin mita takwas da gawayi a tsakar gida, suka kwanta a kai kan wannan a ƙafar wancan, har da 'ya'yan maƙwabta, layin bai cika ba sai da aka jawo Baban Abba daga kan kujera.

Af, kafin in manta, mutuniyarki ta buɗe shagon a ƙarshe. Turaren wuta da humra. Ta sa wa shagon sunan da muka ce kar ta sa. Kuma an sa ranar 'yar Goggo bayan ƙaramar Sallah, da wancan ɗin dai da aka ce ba za a ba shi ba. Kin ga abin da na gaya miki tun bara, ki biya ni goron cacata.

Ina muka tsaya? Yawwa, yumɓu. Nan ne muka ɗan yi sa-in-sa da Baban Abba. Na nuna wa yaran hotunan kayan Nok, waɗancan kawunan yumɓu masu ido kusurwa uku da huji a tsakiya, da aka fara tsinta a 1928 wajen haƙar kuza a kudancin Kaduna. Akwai ma wanda wani ya ɗauka ya kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi, kafin Bernard Fagg ya gan shi ya gane darajarsa. Shi ne mutumin da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Ummi ta ce ita ma sai ta gina irinsa. Babansu ya ce ba za a gina masa mutum-mutumi a gida ba. Ban ja da shi ba, don ni ma raina bai kwanta ba. Kallo daban, ginawa daban. Shi da kansa ya kawo ayar da ke cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, ya ce kallon dai su yi ta yi. Sai muka koma kan tukwane, tunda mutanen Nok ɗin ma sun fi barin tsingaron tukwane a ƙasa, har an gano alamar kakin zuma a jikin wasu, ga gero da wake da suke nomawa. Na kai su wajen tsohuwar nan maginiya ta bayan kasuwa, ta ba su curin yumɓu ta nuna musu yadda ake murza shi a ɗora zagaye kan zagaye. Ta ƙi karɓar ko sisi, wai jikokinta ma ba su taɓa tambayar ta ba.

Daga baya na fasa wata tsohuwar tukunya, na binne tsingaron a baho cikin rairayi hawa-hawa: a can ƙasa tsingaro da gawayi, a tsakiya tsakiyoyi da tsohon kwabo mai huji na Hajiya, a sama murfin kwalba. Na ba su cokali da tsohon buroshin haƙori, da sharaɗin ba a ciro abu sai an zana inda aka same shi. Da kansu suka gano cewa na ƙasa ya fi daɗewa. Suka kwana biyu suna liƙa tukunyar da ƙaro. Auta dai aikinsa cin rairayi.

Sauran yumɓun muka yi alluna da shi irin na mutanen Sumer, a kudancin Iraƙi ta yau, waɗanda suka fara rubutu shekara 5,000 da 'yan ɗaruruwa da suka wuce ta hanyar danna bakin kara a ɗanyen yumɓu. Kin san me suka fara rubutawa? Lissafin sha'ir da tumaki. Su Abba ma suka lissafa kajin Hajiya da alƙalamin karan Islamiyya. An samu ƙananan allunan 'yan makarantarsu, malam ya rubuta a gefe ɗaya yaro ya kwafa a ɗaya gefen, kai ka ce makarantar allo. Da na gaya wa Abba cewa minti 60 ɗin da ke agogo daga lissafinsu aka gado, sai da ya ciro agogon bango ya zo yana dubawa.

To, maganar cire Nana daga makaranta da kika tambaya, kada ki ɗauka kullum Sallah ce. Akwai ranar da babu mai saurare na, wuta babu, waya ta mutu, in zauna ina tunanin ko cutar su nake yi. Lissafin Abba har yanzu da sauran rina a kaba, kuma 'yan uwa ba sa raga min, kowa ya zo sai ya ce yara suna wasa da taɓo sa'anninsu suna aji uku. Rashin abokai ma yana damu na, Allah ya sa akwai Islamiyya da yamma. Amma kayan nan da Turawa ke tallatawa a kwali don masu koyarwa a gida, kada ki yarda su ci kuɗinki. Yumɓu a leda, rairayi a leda, a sa miki farashi da dala. Littattafan kuma daga Masar sai Girka sai Rum, kamar babu wanda ya taɓa rayuwa a nan. Alhali ga Gidan Makama, ga marinar Ƙofar Mata, ga zanen shanu a jikin duwatsun Birnin Kudu, ga raƙumin dawan Dabous a yankin Agadas da aka sassaƙa a dutse, ya fi mita biyar. Birnin Kudu muke son zuwa in an yi kaka, in mai motar ya yarda. Kafin nan sun fara gwaji a jikin katangar baya da jar ƙasa da gawayi da alli, shanun Ummi duk ƙafa biyar gare su.

Yanzu ga aike, tunda Allah ya kai ki. Ki taimaka ki kai Nana gidan tarihin Fustat inda aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a 2021, duk abin da suka yarda a ɗauka a hoto ki ɗaukar mana. In kin je Giza ki tsayar da ita kusa da dutse ɗaya na jikin dalar, don su Abba su ga girmansa da mutum a gefe. Sun ƙi yarda cewa tsayinta ya kai mita 146 lokacin da aka gama ta. Abba yana son hoton kayan Tutankhamun tunda ya ji yana ɗan kimanin shekara tara ya hau gadon sarauta, yanzu har Ummi yake ba umarni. Sannan ki sayo mana takardar fafirus, irin wadda Masarawan da suke rubutu a kai, wadda ba a yi wa zane ba, ko guda biyar. Ki tafi da Malam ya yi ciniki, ke fuskarki ta masu biyan farashin farko ce, kuma ki kula kar su haɗa ki da ta ganyen ayaba. Yayan Baban Abba zai biyo ta Alkahira wata mai zuwa, zan turo miki lambarsa. Shi zai kawo miki yaji da daddawa da kuka, kilishi kuma sai in bai cinye a jirgi ba.

Hajiya tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko jaririn ya fara zama. A gaishe da Malam, a shafa min kan Nana.

Taki,
Maman Abba