Abba, ka ajiye jirgin nan tukuna

Abba,

Bayan gaisuwa, muna nan lafiya a Agege, ƙafar Hajiyarku ma ta yi sauƙi. Wata magana ce ta iso kunnena ta hana ni barci. An ce ranar Asabar ba ka zama a Ife, kana shigowa Legas ko gida ba ka leƙowa, ka wuce wajen Epe kana tashin ɗan jirgin nan mara matuƙi kana ɗaukar wa dillalan fili hoto. Da gaske ne?

Ni dai ka san ban taɓa raina karatunka na fotogirametiri ba. Kai da bakinka ka yi min bayani a shago, yadda ake ɗaukar hoto daga sama, kowane hoto ya hau kan na bayansa da wajen kashi 60 cikin 100 don wuri ɗaya ya fito a hoto biyu kamar yadda ido biyu ke ganin abu, daga nan kwamfuta ta fitar da tudu da kwari da tsayin gini, sannan ga alamomin da kuke kafawa a ƙasa kuna auna su da GPS don taswira ta zauna daidai. Na gane, kuma abin ya burge ni. Shi ya sa da ka gama Jami'ar Legas (Unilag) ka ce za ka ƙara zurfi a AFRIGIST, cibiyar nan ta koyar da aikin taswira da ke Ife, ban yi gardama ba, duk da abin da kawunka ya faɗa kan rumfar kasuwar Mile 12.

Amma Abba, jirgin nan ba a tashinsa haka kawai. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kana da takardar? Kuma kai da ba ka yi rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa safiyo rajista, ba tukuna, wane safiyo ne yake sa hannu a aikin? In rigimar fili ta tashi, dillalin zai kashe wayarsa ne ya bar ka da 'yan omo-onile, 'yan daban nan masu da'awar su ne masu ƙasa.

Wannan ma duk mai sauƙi ne. Ka tsaya ka duba kanka, yaro Bahaushe, a bakin dajin garin da ba wanda ya san ubansa, riƙe da rimot, abu yana shawagi a saman gidajen mutane, a wannan zamani da kowa ke cikin tsoron masu garkuwa. Wa zai tsaya ya ji ɗalibi ne kai? Mutum ɗaya ya isa ya kwarma ihu, kafin ka ciro katin makaranta an taru. Wallahi in na tuna wannan sai gabana ya faɗi. Shekarun da na yi ina lallaɓa zama da mutane a garin nan ba don tsoro ba ne, don ku tashi lafiya ne, kai kuma saboda 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba za ka kai kanka? Haba Abba, ina hankalinka?

In kuɗin laftof ɗin nan ne da ka ce tana tsayawa in hotuna sun yi yawa, ka faɗa min nawa ne, ko bashi zan ci. Ka tashi jirginka tare da malamanka a aikin makaranta, ba wanda ya hana ka. Ban gaya wa Hajiya ba, kar ka sa in gaya mata. Ka kira ni Juma'a bayan masallaci.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Babanka