Godiya ga Masu Shagon Gyara na Yelwa, Kan Kayan Ɗakin Innarmu

Assalamu alaikum. Daga Garwa ta arewacin Kamaru nake rubuto wannan wasiƙa, don in gode wa mai wani ƙaramin shagon gyaran kayan gida da ke unguwar Yelwa, shi da yaransa. Ya roƙe ni kada in kama sunansa, na kuwa yi masa alkawari, amma mutanen unguwa sun san wanda nake nufi.

Bara Allah Ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa. Da aka yi sadakar arba'in, malam ya raba gado, 'yan uwana suka ce sun yafe kayan ɗakinta, in ba da su sadaka ladan ya kai gare ta. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin tsohuwar Bahaushiya ya san abin da aka bar mini: jeren samira da tasoshi har kusa da rufi, gadon ƙarfe mai rumfa, keken ɗinki na ƙafa, fanka biyu da suka daina juyawa, tukwane, tabarmi, da akwatin ƙarfe shaƙe da zannuwa. Na ɗauka bayarwa abu ne mai sauƙi. Ashe wata biyu zan yi ina yawo.

Dillaliyar da na fara kira, da ƙafa ta riƙa juya kwanonin Inna tana taɓe baki, wai yayinsu ya wuce. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da sikelinsa, ya ce zai cire kan keken ya auna a kilo. Keken da aka ɗinka mana kayan sallah da shi tun muna yara! Sai na je wani ofishi da ake cewa suna karɓar kaya don mabuƙata. Tun hantsi nake kan benci har aka kira azahar, sannan aka ce in nemo mota da kuɗina in kawo, kuma ranar rabo in zo a ɗauke mu hoto da waɗanda za a ba. Na fito ina share hawaye da bakin mayafi.

Zafin watan Maris ne ya kai ni shagon nan, lokacin da Garwa ke haura digiri 40. Fanka ɗaya na kai gyara, hira ta kawo hira, na ba dattijon labari. Ya ajiye sukudireba ya ce, "Hajiya, kada ki sayar da ko cokali a kilo. Kowane kaya a ɗakin nan yana da mai jiransa. Gobe zan turo miki yaro."

Yaron nan shi ne dalilin wannan wasiƙa. Bai fi shekara 17 ba. Da ya iso da amalanke, sai da ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin, ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Inna." Duk cikin waɗanda suka zo don kayan nan, shi ne na farko da ya tuna cewa ɗakin mamaciya ya shigo. Ya fito da littafin makaranta yana rubuta komai, kwano nawa, zane nawa, ya riƙa sa tsumma tsakanin tasa da tasa don kada fenti ya goge. Bayan magariba kuma sai ga shi ya dawo a ƙafa, da wani ƙullin ƙyalle da ya tsinta a aljihun keken: 'yan kunnen azurfa ne da carbin Inna, waɗanda muka nema muka gaji. Na miƙa masa tukuici, ya sunkuyar da kai ya ce Baba ya hana.

Gyaran kansa ba sai na tsawaita ba, kuɗin kayan da suka saya kawai na biya. Inda kayan suka tafi ne ya sanyaya mini rai. Keken, bayan an sa masa sabon bel da mai, ya koma hannun wata bazawara mai 'ya'ya huɗu da ta iya ɗinki amma aro take yi. Gado da jeren kwanoni suka shiga kayan ɗakin wata marainiya da aka aurar. Tukwanen da suka huje aka kai wa maƙera su narka su zuba sababbi. Kwalabe da robobi kuwa, waɗanda na yi niyyar zubarwa, matan da ke sayar da man gyaɗa da folere, wato zoɓo, suka kwashe su da murna. Tabarmi da barguna wani direba ya tafi da su Yagwa ya damƙa wa wani limami, don tun ambaliyar 2024, wadda har ta karya gadar garin, akwai gidajen da ba su gama mayar da abin da ruwa ya ci ba. Duk wannan babu wanda aka ɗauka hoto. Da dare ake kaiwa, a yi sallama a ajiye.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda taimako ya koma talla a wurare da yawa. A tsayar da dattijuwa a rana da bokiti a hannu don a sa ta a Facebook, jikokinta su gani, maƙwabta su gani. Mu masu bayarwa ma ba mu fita ba. Mukan riƙe abu har ɓera da gara su gama da shi, sannan mu tuna da sadaka, alhali aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu zaɓen mummuna mu bayar, wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Dattijon nan ya dawo mini da zannuwa uku da suka mutu, ya ce, "Hajiya, waɗannan na goge-goge ne, ba na ba mutum ba." Ban ji haushi ba, gaskiya ya faɗa.

Baba, Allah Ya saka maka da alheri, Ya albarkaci sana'arka, Ya sa yaron nan ya gama lafiya. Na gaya wa ƙanwata da ke shirin tashi zuwa Ngaundare, ita ma tana da firji da littattafan yara da ba za ta tafi da su ba. Ranar Asabar za mu zo, in sha Allahu.