Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Ministan Al'adu: Kaset Ba Ya Jiran Kwamiti

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Duk ranar 27 ga Oktoba, ranar da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ware domin tarihin da ke cikin sauti da hoto, muna jin jawabi mai daɗi kan adana fina-finai. Da jawabi na sanyaya ɗaki, da babu kaset ɗin da zai lalace. Sai dai fina-finan da aka yi da harsunan yankuna suna can cikin kwalaye a ɗakunan ajiya masu zafi, nesa da babbar taska guda da aka tanada.

Kaset ɗin bidiyo na buƙatar ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 20 ba, danshi kuma kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Idan laima ta yi yawa, sinadarin da ke riƙe hoton a jikin zaren sai ya jiƙe ya yi danƙo, fumfuna ta hau. Ana saka shi a na'ura, hoton ya goge a kan ƙarfen da ke karantawa, shi ke nan an yi asara. Tsohon faifan sinima kuwa, da zarar ya fara warin tsami, ya soma ƙanƙancewa ke nan, kuma tururinsa na harbar fina-finan da ke cikin gwangwanayen da ke kusa. Dole a ware shi nan take. Sanyin da ke zuwa yana ɗaukewa ma illa ce, domin zaren na miƙewa yana tsukewa.

Ga lissafin da ya sa muke roƙo. Kwafar kaset zuwa kwamfuta ba ta da gajeriyar hanya: fim mai awa biyu, awa biyu zai ci. Kaset 10,000 a na'ura ɗaya mai aikin awa takwas kullum zai kai kusan shekara bakwai. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, wato na'urar kunna kaset ɗin bidiyo, ya daina tun 2016, masu gyaranta kuma suna tsufa.

Don Allah a ba kowane yanki ɗakin sanyi mai tsayayyar wuta, da na'urori, da ma'aikatan da ke jin harshen fim ɗin, waɗanda za su rubuta wanda ya yi shi, da shekara, da garin da aka ɗauka. Kowane fim a yi masa kwafi uku, ɗaya a wani gari dabam. Batun haƙƙin mallaka da horar da ma'aikata na nan, amma a fara da kaset ɗin da suka soma danƙo.

Mun gode.