Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Mambobin Ƙungiyarmu Ta Mata 'Yan Jarida A Jos

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu a wannan aiki.

Hajiya Shugaba ta ce in taƙaita, don haka zan fara da abin da ya fi cin lokacinmu bana, wato ƙirga muryoyin mata a labarai.

Dabarar aro muka yi daga GMMP, binciken duniya kan yadda ake jin mata a labarai, wanda WACC, wata ƙungiyar sadarwa ta ƙasa da ƙasa, ke jagoranta. Ana yin sa duk bayan shekara 5 tun 1995, shekarar babban taron mata na Beijin. Rana guda ake warewa, masu aikin sa-kai a ƙasashe daban-daban su zauna da jaridu da rediyo da talabijin suna ƙirga wa aka ji, wa aka yi labarinsa. A karon farko, cikin ƙasashe 71, mata kashi 17 cikin 100 ne. Sun kai kashi 24 a 2010, suka tsaya cak a nan har 2015, suka zama 25 a 2020 da aka duba ƙasashe 116. Sakamakon 2025 ya ce kashi 26. Ko hawainiya da ta yi shekara 30 tana tafiya da ta wuce nan.

Mu kuma Asabar ɗin farkon kowane wata muka ɗauka, muna sauraron labaran Hausa na tashoshin da ake kamawa a Jos. Masu karanta labarai mata ba su yi ƙaranci ba, wasunmu ne ma. Matsalar tana wajen wanda ake miƙa wa makirufo. In rikici ya ɓarke, za a ji mace tana kuka tana faɗin abin da ta rasa, amma in aka zo sharhin musabbabin rikicin, sai a kira namiji. Haka labarin farashin kayan gwari a kasuwar Farin Gada: mai cefanen kullum ba a tambaye ta ba, shugaban 'yan kasuwa kawai aka ji. Matan da ke wanke kuza kuwa, sai rami ya rufta ake tunawa da su.

Laifi tudu ne. Da muka saurari rahotanninmu na kanmu, mun tarar mu ma Alhazan nan da muka saba kira muke ta kira, don suna ɗaga waya da wuri kuma lokacin labarai ba ya jira.

Wannan ya sa muka buɗe littafin lambobin waya na mata masana, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da manoman dankalin Turawa, domin editan da zai ce "ba mu samu mace ba" ya rasa hujja. Aikin bai zo da sauƙi ba. Wasu sun ce sai sun shawarci maigida, wasu kuma zagin da ake yi wa mata a Facebook ne ya sa suka ce a bar su.

Ziyarar da muka shirya kaiwa ƙananan hukumomin Mangu da Bokkos ba ta yiwu ba saboda yanayin tsaro da ƙarancin kuɗin mota. Bayanin asusu yana hannun Ma'aji, ita za ta karanto shi. Masu bashin kuɗin wata sun san kansu.

A zaman Janairu, kowace mamba ta zo da sunan mace ɗaya masaniya da ta amince a kira ta, tare da fannin da ta ƙware.

Sakatariya