A daina ɗora wa masu wankin hula laifin da ba nasu ba

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in kare abokan sana'ata.

Shekara ashirin da 'yan kai ina wankin hula a Kano, kuma zargi ɗaya nake ji kullum: wai mu ke ɓata wa hula kai. Makon jiya wani Alhaji ya kawo hularsa Zanna Bukar, ya ce in cika mata sitaci ta tsaya ƙyam kamar dara. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba don haka aka ɗinka ta ba." Ya nace, na yi. Bayan Juma'a ya dawo yana faɗa, wai ta ƙi karɓar kari, ya danna gabanta ta karye gida biyu.

Kowace hula da tashinta take zuwa. Dara dama can tauri ne da ita, samanta a shafe, ba wanda ya taɓa yi mata kari. Haɓar kada kuwa sai ta kwanta, kunnuwanta su sauko, nan ne kyanta. Malfa ba ta shigo hannunmu ba, amma ita ma tsinin nan nata tun wurin saƙa ake fitar da shi. Zanna Bukar, wadda ta ci sunan Zanna Bukar Dipcharima, ministan nan ɗan Borno na Jamhuriya ta Farko, tsawonta aka bari domin mai ita ya karya ta yadda ransa yake so: wani gaba, wani gefe, wani ya ɗan lotsa tsakiya kawai. Mahaifina gefen hagu yake karya tasa, daga nesa a kasuwa da ita muke gane shi.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, saman hula daban ake ɗinka shi, sannan a haɗa da jikin. In mai haɗin ya yi gaggawa, ko saman ya yi wa jikin kaɗan, wallahi ko kwana bakwai ta yi a kan katakon da muke ɗora hula bayan wanki ba za ta zauna daidai ba. Matan Bama masu ɗinkin hula da suka yi gudun hijira zuwa Maiduguri a 2014 sun san wannan, shi ya sa hula ɗaya take cin su makonni. Ta inji fa? Wanki biyu sai ta saki baki.

Ban ce duk muna da gaskiya ba. Akwai yaran da ke cusa hula mai lamba 22 a katakon 23 don kawai shi ne kusa da hannu, kuma na kori ɗaya a kan haka.

Roƙona ga masu kawo wanki: ku faɗa mana lambarku da inda kuke karyawa. Shi kuwa Alhaji, na sake jiƙa masa ita kyauta, tana nan tana jiransa.

Naka,
Mai wankin hula, Kano