Farfesa ya ajiye alli

Gusau, Jihar Zamfara

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyin Ingila? Mu nan damina ta kankama, sai godiya.

Albishirinka, Farfesanmu na injiniyancin sadarwa ya cika shekara 70, ya ajiye aiki, ya dawo gida. Ran Asabar na je gaishe shi a Tudun Wada. Na tarar da shi a zaure kan tabarma, gemu fari fat, ya baje cikin rediyon wani maƙwabcinsa a faranti yana laƙa waya da dalma. Kafin in gama durƙusawa ya tambaye ni ina abokina mai tsoron faifai.

Bai manta ba, wallahi! Faifan Smith yake nufi, zanen nan mai da'irori cikin da'irori na lissafin layukan igiyar rediyo da Phillip Smith ya fitar a 1939, wanda ya hana mu barci a aji huɗu. Ka tuna ɗakin gwajinmu, na'ura ɗaya tak ga ɗalibai cike da aji, ita ma sai ranar da aka kawo wuta. Shi kuwa sai ya ɗauko bututun tagulla mai kusurwa huɗu, ya sa mu leƙa ciki ɗaya bayan ɗaya, ya ce ta wannan kogon igiyar maikurowef, wato igiyar rediyo mai saurin kaɗawa, ke bi kamar ruwa a kwata. Daga nan ya shiga labarin masanin kimiyya Jagadish Bose na Kalkata a Indiya, wanda wajen 1895 ya kaɗa ƙararrawa ya kuma tayar da albarushi daga nesa ba tare da waya ba, mutumin da ya shekara uku bai karɓi albashi ba don an ba shi ƙasa da na Turawa. Sai yanzu na fahimci abin da ya sa labarin ba ya barin bakinsa. Shi ma da ya gama digirin digirgir a waje an nemi ya zauna, ya tattara ya dawo. Da wayar salula ta shigo a 2001 kamfanoni suka yi ta zawarcinsa da albashi mai tsoka, ya ce in ya tafi wa zai koya wa waɗanda za su hau ƙarafan sabis?

Ga ni kuwa ina hawa. Watan jiya ina can ƙolin ƙarfen sabis wajen Bunguɗu, iska na kaɗa ni, ina juya eriyar nan mai kama da ganga kaɗan-kaɗan don ta fuskanci 'yar uwarta da ke Maru. Muryarsa kawai nake ji: igiyar nan a miƙe take tafiya, in ganguna biyu ba su ga juna ba, ba magana. Da hadari ya sauko layin ya yi rauni, yaran da nake aiki da su suka ɗauka na'ura ce ta lalace. Na ce a'a, in saurin kaɗawar igiya ya haura gigahaz 10 ɗigon ruwa shan ƙarfin igiyar yake yi, a jira sama ta washe. Haka kuwa aka yi.

Ba ka nan a Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a jihar nan saboda 'yan bindiga. Mutane suka riƙa shiga mota suna barin jihar don kawai su ji muryar ɗa ko su karɓi kuɗi. A lokacin ne har mahaifiyata ta tambaye ni ainihin aikin da nake yi.

Abin da ke damuna shi ne takardunsa. Darussan shekara talatin da wani abu, duk rubutun hannu, suna jibge a kwalaye, gara ta fara taɓa na ƙasa. Mun yi shawara mu ɗauki hotonsu mu adana a kwamfuta, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Sannan yana son tara 'yan sakandaren unguwa a zaurensa duk Asabar. Don Allah duba mana a can ko za a samu na'urar auna igiya ta gwanjo, ko tsohuwa ce, in dai tana tashi. Ka kuma turo saƙon murya in kunna masa, zai ji daɗi ƙwarai.

A gaida uwargida, a shafa mini kan yara.

Naka,
Amininka na Gusau