Wasiƙar Godiya ga Wani Shagon Gyaran Injuna a Panteka, Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku, Malam, da yaran shagonku baki ɗaya, na ga ya dace in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a, domin godiyar da na yi muku da baki ranar da na zo ɗaukar injina ba ta kai rabin abin da ke cikin raina ba. Ban ambaci sunanku ba saboda kun nuna mini ba ku son haka, amma duk kafintan da ya tambaye ni zan kwatanta masa ƙofar shagonku a tsohuwar kasuwar Panteka.

Ni kafinta ne a Sabon Garin Zariya, kuma yawancin aikina gadaje ne da kujeru na kayan ɗakin amare. Irin wannan aiki ba ya rabuwa da yankan lanƙwasa, ko a kan gado ko a ƙafar kujera, shi ya sa na daɗe ina kai katako wurin masu inji ina bin layi, ina biyan kuɗin yanka, wani lokaci yini ya ƙare ba a zo kaina ba. Da na je Kano sayen kayan aiki, sai na yi kiciɓis a Ƙofar Ruwa da wani tsohon injin zarto, irin wanda zartonsa yake kamar ɗamara yana zagaye wili biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Tsatsa ta ci teburinsa, babu zarto a jikinsa, kuma da aka jona shi ta taransifoma sai ya yi gurnani kawai bai juya ba. Mai shi bai ɓoye mini komai ba; cewa ya yi yadda ya saya haka zai sayar. Kuɗin da na biya bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sabo ba, na ɗoro shi a mota ina murna, abokan sana'ata kuwa suna yi mini dariya suna cewa araha ba ta ado.

Kafin in zo gare ku na nuna shi a wurare biyu. Na farko ko buɗe shi bai yi ba ya ce kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin moto, ya ƙone, sai an yi sabon naɗi. Na biyu cewa ya yi in sayar wa 'yan gwangwan a kilo in huta. Wani tsohon maigidana ne ya ce kada in yanke hukunci sai na kai shi Panteka.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ba ku yi maganar kuɗi ba sai da kuka gama dubawa. Kun sa yaro ya goge ɗan allon ƙarfen da ke jikin moton, kuka karanta, kuka nuna mini cewa moton na wuta iri biyu ne, 110 da 220, kuma an haɗa wayoyinsa ne a kan 110 irin ta Amurka, alhali tamu ta Nijeriya 230 ce. Kuka auna kwayil da mita a gabana, aka same shi lafiya lau. Ashe kafasita, wato ɗan gwangwanin da ke taimaka wa moto ya tashi, ita ce ta mutu, sannan ƙurar katako ta toshe ɗan makunnin da ke cikin moton, wanda yake yanke wutar tayarwa idan inji ya ɗauki gudu. Aka sa sabuwar kafasita, aka wanke makunnin, aka mayar da wayoyi kan 220 kamar yadda zanen da ke cikin murfin moton ya nuna, moto ya tashi. Da kun ce mini sai an yi naɗi, wallahi da na biya ban yi musu ba, domin ban san komai a wannan fanni ba, kuma an riga an faɗa mini haka a wani wuri. Wannan shi ne babban dalilin wasiƙar nan.

Ba ku tsaya a nan ba. Kun bayyana mini cewa an ƙera moton ne don wutar da ke juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce, saboda haka gudunsa zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, kuma zai fi saurin ɗaukar zafi. Kuka ce raguwar gudun ba za ta dami mai yanka katako ba, amma in riƙa taɓa jikinsa, idan ya yi zafi ƙwarai in bar shi ya huta. Kuka kuma gaya mini cewa injin na Taiwan ne, ƙirar inci 14 wadda aka kwaikwayo daga ta kamfanin Delta na Amurka, ƙirar da ta samo asali tun shekarun 1930, kuma tsawon zartonsa inci 93 da rabi ne. Na rubuta wannan awo da fenti a cikin murfin injin don kada yara su manta.

Inda na ga gwanintar hannu kuwa shi ne a wilin sama. Ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi, wanda ake karkatawa don zarto ya zauna daidai a tsakiya, ya tsage, kuma kun ce irin ƙarfen zubin nan ne mai gautsi da ba ya karɓar walda. Maimakon ku liƙe shi ya yi mako biyu ya sake ɓallewa, sai kuka auna shi kuka ƙera wani da ƙarfe mai ƙwari. Kuka canja boris na wilin sama da na ƙasa, kuka ɗora madaidaicin ƙarfe a kan wilin biyu har sai da suka tsaya a layi ɗaya. Robar da ke bakin wilin ta bushe tana marmashewa, kuka yanko wata daga tib ɗin babbar mota kuka manna, sannan kuka goge ta da samfefa har tsakiyarta ta ɗan yi tudu. Na tambayi amfanin tudun, kuka ce shi ne yake jawo zarto ya hau tsakiya ya zauna, in babu shi zarto zai yi ta zamewa. Amma kun faɗa mini gaskiya cewa robar tib maleji ce, in na sami ta ainihi in canja.

Ƙananan tubalan da ke tallafe zarto ta gefe biyu sun ɓace tun kafin injin ya zo hannuna. Kuka ce wannan aikin kafinta ne, in feƙe su da kaina da icen ƙirya, in jiƙa su a mai. Na yi, kuma har yau suna nan suna aiki. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin kun hana kanku ɗan abin da za ku samu, kun kuma sa na san cikin injina.

Akwai abu ɗaya da kuka ƙi yi, ko da yake na roƙa. Murfin da ke rufe wilin ƙasa ya lotse, na ce a cire shi gaba ɗaya a rage kuɗi, kuka ce ba za ku saki inji daga shagonku babu murfi ba, domin ranar da zarto ya tsinke zai fito ne kamar bulala, kuma ina da yara masu koyon aiki. Kuka buga shi ya miƙe ba ku karɓi ko kwabo a kansa ba. A lokacin na ga kamar taurin kai ne. Bayan wata biyu zarto ya tsinke a mahaɗinsa ƙaramin yarona yana tsaye a gefe, ƙara kawai muka ji a cikin murfi.

Kun yi alkawarin mako ɗaya aikin ya kai kwana 11, saboda rashin wuta da neman boris mai kyau, amma sau biyu kuna kirana kuna gaya mini inda aka tsaya, ban taɓa ɓata kuɗin mota daga Zariya a banza ba. Ina kuma miƙa godiya ta musamman ga babban yaronku, wanda ya zauna da ni bayan la'asar ya koya mini ɗaure zarto da sassauta shi idan an tashi aiki, ya kuma nuna mini cewa katako mai kauri yana son zarto mai manyan haƙora, kamar uku a inci ɗaya, lanƙwasa mai tsanani kuwa sai siririn zarto.

Yau wata biyar ke nan injin yana aiki a shagona. Duk abin da na kashe, saye da gyara da kuɗin mota, bai kai rabin kuɗin sabo ba, kuma biyu daga cikin masu yi mini dariya yanzu wurina suke kawo yankan ƙafar kujera. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa shagonku albarka, ya sa yaran da kuke koyarwa su gaji halinku tare da sana'arku. Akwai wani tsohon injin goge katako da na ƙyalla ido a kansa, in Allah ya yarda bayan Sallah zan shigo da shi.

Naku,
Wani kafinta daga Sabon Garin Zariya